A'isha a Kano, A'isha a Chicago

A ƙasar Hausa babu gidan da ya fi ƙarfin sunan A'isha, babu kuma gidan da sunan ya fi ƙarfinsa. Ana raɗa shi a gidan sarauta, ana raɗa shi a gidan mai faskare, kuma wanda ya ji shi ba zai iya faɗin matsayin iyayen yarinyar ba. A nan Amurka inda nake zaune lamarin ya sha bamban, domin mutanen ƙasar suna jin launin fata a cikin suna tun kafin su ga mai sunan.

Wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun gwada hakan a binciken da suka wallafa a 2004. Sun aika takardun neman aiki na bogi kusan 5,000 ga ma'aikatun da suka tallata gurabe a jaridun Boston da Chicago, suka sa wa wasu sunayen da aka san Turawa da su, irin su Emily da Greg, wasu kuma sunayen da aka san baƙaƙen fata da su, alhali ilimi da gogewar da aka rubuta daidai suke. Mai sunan Turawa yakan samu kira ɗaya a cikin takardu 10, shi kuwa ɗayan sai ya aika wajen 15. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jerin sunayen baƙaƙen, domin a ciki akwai Jamal da Rashid da Karim da Hakim da A'isha, kuma a cikin sunayen mata A'isha ce ta zo ƙarshe wajen samun kira.

Waɗannan sunaye ba da ka suka shiga gidajen baƙaƙen Amurka ba. Jikokin bayi ne suka ƙi ci gaba da amsa sunayen da suka gada daga iyayengijin kakanninsu. Cassius Clay ya koma Muhammad Ali a 1964, ɗan wasan ƙwallon kwando Lew Alcindor ya koma Kareem Abdul-Jabbar a 1971, kuma masana tattalin arziki Roland Fryer da Steven Levitt, da suka bi takardun haihuwa na jihar California, sun gano cewa daga farkon shekarun 1970 ne sunayen baƙaƙe suka yi hannun riga da na Turawa. Sunan da iyaye suka zaɓa don ɗaga kai, shi ne ya zama alamar da mai ɗaukar ma'aikata yake gani ya tura takarda gefe. A Faransa ma, inda Kevin ya fi kowane sunan maza farin jini a 1991, sunan ya koma abin zolaya saboda talakawa ne suka fi ɗaukarsa daga finafinan Amurka.

Mu baƙi mun san da wannan, kuma yana shiga lissafinmu. A asibitin nan ana kawo wa maijego takardar rajistar haihuwa tun kafin a sallame ta, saboda haka sunan yakan hau takarda kwanaki kafin a yanka rago, sai ka ga mata da miji suna ta shawara ƙasa-ƙasa, biro a hannu, suna neman sunan da liman zai amince da shi, Bature kuma ba zai yi tuntuɓe a kansa ba. Shi ya sa Adam da Sara da Zara suka yi yawa a tarukan sunanmu. Ba na ganin laifin kowa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda nake da ja shi ne yadda muke kukan wariya a waje kamar mu ba mu san ta a gida ba. A birnin Kano ko Kaduna, ka ba wani ɗan boko shawarar ya kira 'yarsa Talatu ko Ladi ko Kande, ka ji amsar da zai ba ka: sunan ƙauye ne, ko ma ya ce sunan 'yar aiki ne. Asalinsu laƙabi ne da ake ɗorawa a kan sunan yanka, sau da yawa saboda alkunya, amma yau an mayar da su ma'aunin arziki, har ma da na addini. Tun da maƙwabtanmu, wato sauran ƙabilun Arewa, sun riƙe sunayen ranaku hannu biyu, kamar Ladi Kwali, Bagwariyar mai ginin tukwane da hotonta ke jikin naira 20, ko Janar Ɗanjuma na Takum, sai ya zamana idan mutum ya ce sunansa Ɗanladi, wasu kan fara tambayar kansu ko Musulmi ne. Abin ma ba sabo ba ne, domin a fadar Kano an yi Ɗan Rimi Allah-bar-Sarki, wanda duk ƙarfin ikonsa sunansa kaɗai ya isa ya nuna cewa bawan sarki ne.

Gaskiya ne cewa a gida ba kasafai sunan mutum yake hana shi aiki ba, domin a can tambayar ita ce ɗan wane ne kuma wa ya tsaya masa. Rainin namu ya fi fitowa a wajen neman aure da makarantun kuɗi. Sai dai maganin da muka zaɓa, wato gudu zuwa Afnan da Hanan da Nihal da Aiman, yana jawo mana asara. Tanko yana gaya maka cewa mata ne yayyensa, Gambo ya biyo bayan tagwaye, Talle ya tashi maraya, amma Afnan ba ta gaya maka komai game da yarinyar sai cewa iyayenta suna da waya mai intanet. Wayar kuwa ta riga ta isa ƙauye, kuma ba na shakkar cewa ranar da 'yar aiki ta raɗa wa 'yarta Afnan, uwar ɗakinta za ta fara neman wani sunan.