Yarona ya tafi Kenya yi wa awaki allura

Yau kwana 19 ke nan da muka raka yarona tasha a nan Garwa, arewacin Kamaru. Mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, daga can jirgin sama zuwa Nairobi. Yanzu yana arewacin Kenya, wajejen Marsabit, cikin ayarin likitocin dabbobi masu aikin sa kai. Wata uku zai yi, ba albashi, sai ci da sha da makwanci. Ɗan fari ne, don haka ku yi mini uzuri, ba za ku ji sunansa a bakina ba.

Tun da ya tafi magana take zuwa mini ta kowane gefe. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci baffansa ya tare ni, ya ce, "Yaya, duk shekarun nan da aka kwashe ana biya masa kuɗin karatu a Ngaundare, ashe don ya je ya yi wa akuyar wasu allura kyauta ne? Namu sun ƙare?" Ban amsa masa a wurin ba, don na san ba da mugun nufi ya faɗa ba. Amma maganar ta kwana a raina, shi ya sa zan faɗi tawa a nan.

A 1983 ina ɗan shekara 13. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu yake yi, yana saye a kasuwar Adumri. Shekarar nan bushiya, annobar shanu, ta shigo ƙasar nan ta wajen Cadi. Wanda bai ga bushiya ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Saniya za ta daina tuƙa, ido ya cika da kwantsa, yawu na dalala, ka buɗe bakinta ka ga duk ya zama gyambo. Sai zawo mai warin da har yau in na tuna sai cikina ya juya. Kafin kwana goma ta kwanta. Akwai wata farar saniya da ni nake ba ta dusa da kanwa. Ni na riƙe mata kai ina ɗiga mata ruwa da ƙoƙo har ta cika, Baba yana tsaye bai ce uffan ba. Cikin shanu 23 da ke hannunsa, wajen rabinsu na amana, shida suka tsira. Shekaru ya yi yana biyan bashin mutane.

To ina bushiya yau? Babu ita a ko'ina a bayan ƙasa. A 2011 aka bayyana an kawar da ita, cuta ta biyu da aka taɓa gamawa da ita bayan agana. Yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba. Sai da yarona ya shiga makaranta ya zaunar da ni ya ba ni tarihin. Cutar ta shigo da shanun da sojojin Italiya suka sauke a Massawa, gaɓar tekun Eritiriya, wajen 1887, cikin 'yan shekaru ta ratsa har ƙasar Hausa. Allurar da ta karya lagonta kuwa, wani Bature ɗan Ingila mai suna Walter Plowright ne ya haɗa ta a Muguga, kusa da Nairobi. Babban gangamin rigakafin na 1962 a nan yankin Tafkin Cadi aka fara shi, Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya tare. Wuri na ƙarshe da aka tabbatar da ita kuma Kenya ne, a 2001, a jikin ɓauna. Ranar da ya gaya mini wannan na daɗe ban yi magana ba. Ashe shanun da nake saye da sayarwa yau, har na biya masa makaranta da ribarsu, akwai gumin mutanen da suka bar gidajensu a cikinsu, kuma akwai hannun Kenya.

Abin da ya kai shi yanzu ƙanwar bushiya ce, annobar awaki da tumaki, wadda masu dabbobi suka sani da majina da zawo. An ɗauki alkawarin gamawa da ita nan da 2030. Irin allurarta ake yi a LANAVET, cibiyar haɗa allurar dabbobi ta ƙasa, nan Bokle, a bayan garinmu. Akuya kuwa ita ce asusun talaka. Ita ake kamawa in yaro ya kwanta rashin lafiya, ita ce kuɗin makaranta, ita ce jarin bazawara. Mutanen da ya je wa sun sha fari na damina biyar a jere tsakanin 2020 da 2023. Ɗan abin da ya rage musu in cuta ta bi ta kansa, shi ke nan. Kuma muddin tana raye a garken wani, a Kenya ne ko a Sudan, wata rana za ta iso Adumri da ƙafarta, yadda bushiya ta iso.

Ba zan ce baffansa bai da gaskiya ko kaɗan ba. Muna da namu ciwon. Sammore, ciwon da ƙudan tsando ke kawowa, na nan, ciwon huhu na nan, ɓauru, ciwon baki da kofato, na nan duk shekara. Jabun magani ya cika kasuwanni, ana shanya shi a rana, makiyayi ya saya ya yi allura da kansa. Shagon yaron a rufe yake, kuma sau biyu wani dattijon Bafulatani yana zuwa nemansa yana komawa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Amma wata uku ne, kuma na ga yadda yake aiki: duk abin da idonsa ya gani, sai ya dawo da shi gida. Na fi son ya san cuta a garken da ba nasa ba kafin ta same shi a nasa.

Tsoro kam akwai. Mahaifiyarsa ba ta barci sai ta ji muryarsa, kuma wurin ba kullum waya ke shiga ba. Ni abin da ke damuna shi ne cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, don na san halinsa, in akuya ta yi ɓari ba zai tsaya neman safar hannu ba. Na ja masa kunne a tasha, na sake ja masa ta waya.

Shekaranjiya da asuba ya turo saƙon murya. Ya ce suna fita tun duhu, don a gama kafin ƙanƙarar akwatin allura ta narke. Ɗaya ya riƙe, shi ya tsira allura, wani ya sa alama a kunne. Ya ce wata tsohuwa ta taho da awaki bakwai daga nesa, ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Da ya gama, ta kama hannunsa da hannu biyu ta daɗe tana magana. Ya ce, "Baba, ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma na ce amin."

Na kai wa baffansa wayar har gida, na kunna masa. Ya saurara, ya ce a sake kunnawa, sannan ya tambaye ni ranar da zai dawo.