Ruwan tsamin ma'adinai: bakteriya za su yi aikin, amma sai an kula da su

Jama'a, duk wanda ya ce muku tsabtace ruwan tsami na ramukan ma'adinai da bakteriya aiki ne na a haƙa tafki a juya baya, bai faɗa muku gaskiya ba. Ina goyon bayan hanyar nan ɗari bisa ɗari, shi ya sa sakacin da ake mata yake damuna.

Tushen matsalar dutsen fayirait ne, wani ma'adini mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta. Idan ya haɗu da iska da ruwa sai ya haifar da asid, asid ɗin ya narkar da ƙarfe, tagulla, tutiya, dalma da kadmiyam. Kogin Tinto na Sifaniya ja ne wur, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami da ke sauka idan tsamin ya ƙaru, wajen 2.

Zuba farar ƙasa yana kashe tsamin, amma yana barin tulin laka da ba a san inda za a kai ta ba. Su kuwa bakteriya masu cin salfet (gishirin farar wuta da ke cikin ruwan tsamin), irin su Desulfovibrio, suna mayar da shi wani sinadari mai suna salfaid, salfaid ya kama tagulla da tutiya da dalma su kwanta baƙi ƙirin a ƙasa. A lokaci guda suna fitar da baikabonet da ke rage tsamin. Matatar tutiya ta Budel a Holan ta daɗe tana tsabtace ruwan ƙarƙashin ƙasa da wannan dabara.

To amma bakteriyar nan kamar dabbobin kiwo suke, da ci da muhalli. Ana cika rami da ɓaraguzan katako, garin katako, busasshiyar ciyawa da kashin shanu, wanda shi ke kawo ƙwayoyin, a gauraya da tsakuwar dutsen farar ƙasa, domin ba sa sakewa idan pH ya yi ƙasa da 5. Dole ruwa ya rufe cakuɗar a kullum, oksijin makiyinsu ne. Masu tsara irin wannan rami kan yi lissafin kimanin mol 0.3 (mol ma'aunin yawan sinadari ne) na salfet a kowace mita kubik a rana. Ka ɗora musu fiye da haka, tsamin ya rinjaye su, su mutu.

Inda aka fi faɗuwa shi ne toshewa. Ƙarfe da alminiyam suna daskarewa su liƙe kofofin cakuɗar, ruwa ya yanke hanya ta gefe ya fita yadda ya shiga. Don haka a rage su tun kafin ramin. Sanyi na rage saurin aikin, manganis kuwa, wani ƙarfen da ke cikin ruwan, kusan wucewa yake yi, sai an yi masa shimfiɗar tsakuwar farar ƙasa daban. Ruwan da ya fito ma yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba oksijin a ciki, sai ya bi ta matakalar duwatsu da tafkin shan iska kafin ya shiga rafi, in ba haka ba kifi ya mutu.

Abin da na fi so a sa a kasafi tun ranar farko shi ne kwashe tsohuwar cakuɗa. Abincin yana ƙarewa bayan shekaru, kuma baƙar lakar nan cike take da guba. Aka zubar da ita a fili iska ta buge ta, asid da ƙarafan za su dawo. A binne ta inda iska ba ta kaiwa, ko a kai ta inda za a tace ƙarafan.