Wa ke tsara faɗa a finafinanmu?

Jama'a, a daina ɗora wa rashin kuɗi laifin komai. Da an taɓo yadda faɗa ke fitowa a finafinan Hausa sai a ce ai ba mu da kayan aiki irin na Indiya da Chana. Ni dai ban yarda ba. Mutum ne ba mu da shi, wanda ba shi da wani aiki a fim sai tsara faɗan.

Naushin fim ai ba ya sauka. Hannu wucewa yake ta gaban fuska da tazarar kamar taƙi guda, a kafa kyamara ta bayan kafaɗar ɗaya daga cikin masu faɗan yadda mai kallo ba zai ga giɓin ba. Babban aikin ma yana kan wanda aka kai wa naushin: ya wurga kai daidai lokacin, kada ya riga, kada ya makara. Ƙarar kuwa edita ne ke saka ta daga baya. A wasan daɓe, da yake babu edita, ɗan wasa kan bugi ƙirjinsa ko cinyarsa a fakaice don a ji tas. Duk wannan sai an yi ta maimaitawa a hankali, ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, kafin a ƙara sauri.

Mu fa? Sai an isa lokeshan, rana ta take, kowa ya gaji, darakta ya ce "ku ɗan cakumi juna", shi ke nan. Shi ya sa za ka ga bos ya zube tun hannun jarumi bai iso ba. Ko kuma a zabga wa yaro marin gaske, wai don abin ya fito da kyau.

Marin gasken nan shi ya fi ƙona min rai, don ganganci ne tsagwaronsa. A 1982, wurin ɗaukar fim ɗin Coolie a Bangalore ta ƙasar Indiya, kuskuren lissafi ɗaya a faɗa ya sa cikin Amitabh Bachchan ya daki gefen tebur, sai da ya leƙa lahira ya dawo. Can da suke da masu tsara faɗa ke nan, ina ga mu?

Jackie Chan da muke ta yabo, shekara goma ya yi tun yana yaro a makarantar wasan daɓe ta gargajiya a Hong Kong, shi da ɗan fim Sammo Hung, suna koyon tsalle da faɗuwa. Amurkawa da duk kuɗinsu, da za su yi The Matrix na 1999, sai da suka ɗauko mai tsara faɗa Yuen Woo-ping daga Hong Kong, ya yi watanni yana horar da 'yan wasan kafin a kunna kyamara.

Abin takaicin, muna da namu. Ku shiga gidan dambe ku ga yadda ɗan dambe ke miƙa hannun garkuwa yana auna abokin karawa, hannun da aka naɗe yana baya yana jiran dama, kalangu na tashi. Ga kokawa, ga wasan sanda na makiyaya. Amma sai ka ga jarumi da babbar riga yana ɗaga ƙafa wai shi Chanis.

Furodusoshi, ku nemo tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa, ku haɗa shi da mai kyamara su fahimci juna, ku ba su ko da mako guda na gwaji kafin ranar ɗauka. Ku biya shi haƙƙinsa, ku kuma sa sunansa a jerin ma'aikatan fim.