Wakilai Uku, Gona Ɗaya, Kuma Babu Wanda Ya San Wanda Ya Sayar

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ba a raba gadonsa ba, alhali abin da ya bari bai kai yawan da zai gagari lissafi ba: gida ɗaya a cikin gari, da gona a bayan gari wadda gine-gine suka riga suka cim mata. Bayan sadakar bakwai dangi suka zauna a zaure, a gaban mai unguwa da limamin masallacinmu, aka zaɓi mutum uku su riƙe dukiyar har a biya bashi a raba, wato baffanmu, da babban yayanmu, da wani aminin marigayin da ake ganin ya san harkar filaye. Sharaɗin da aka gindaya shi ne babu wanda zai taɓa ko taku ɗaya na gonar sai da sa hannun sauran biyun. Mun yi murna a ranar, muna ganin idan ɗaya ya karkace biyu za su miƙar da shi. Ashe mun ba kura uku ajiyar nama ne, kowace kuma da wadda za ta nuna idan aka tambaya.

Ba daga bakinsu muka ji ba. Ƙanwata ce ta bi ta wajen bara da damina, ta tarar an yanka gonar fuloti-fuloti da awon igiya, an jibge yashi da bulo a inda mahaifinmu yake shuka gero, magina suna haƙa harsashi a gindin tsamiyar da muke hutawa tun muna yara. Da muka nemi mai ginin, bawan Allah bai ɓoye komai ba, ya fito da takardar cinikinsa. Rubutun hannu ne a fallen takarda, da sunayen magada duka a jere, da sa hannun wakilan nan uku, sannan a ƙasa an dangwala yatsa a gaban sunan mahaifiyarmu. Kwanan watan da ke jiki ya faɗa cikin takabarta, lokacin da take zaman wata huɗu da kwana goma ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. To yatsan wa aka dangwala?

Daga nan aka fara yi mana wasa da hankali. Baffa ya ce shi an kawo masa takarda ne aka ce ta awo ce, ya sa hannu bai karanta ba. Yaya ya ce kuɗin ba su taɓa shiga hannunsa ba, suna wajen Alhaji, wato aminin marigayin. Alhaji ya ce duk abin da ya karɓa bashin marigayi ya biya da shi, sauran kuma la'adar dillalai ce da ɗawainiya. Muka ce a faɗa mana sunan ko da mutum ɗaya daga cikin masu bin bashin, da adadin da aka ba shi, da shaidar da ta gani. Har yau shiru. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawan nasu da aka yi domin tsaro shi ne ya zama mafakarsu, domin da mutum ɗaya aka naɗa da mun san wuyan da za mu kama.

Kuma ba a cikin duhu addini ya bar wannan al'amari ba. Tsarin a fili yake: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan magada su karɓi rabonsu kamar yadda aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i suka yanka. Matar mamaci tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, idan akwai 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu. Aya ta 10 kuwa, wadda ta gabaci waɗannan, ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu. A cikinmu akwai yara biyu da ba su balaga ba, kuma an kore su daga makaranta sau biyu saboda kuɗin zango, yayin da ɗaya daga cikin masu riƙon amanarsu ya canja mota.

Rashin takarda ne ya sauƙaƙa musu. Gonar, kamar akasarin gonakin gado, ba ta da takardar shaidar mallaka ta gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ce wanda ke riƙe da haƙƙin da gwamna ya ba shi ba zai sayar ba sai da amincewarsa, amma cinikin bayan gari ba ya bi ta nan. Dillali ne da igiyarsa, da fallen takarda, da shaidu biyu da aka tsinto a majalisa. Shi ya sa har muka gano fuloti guda da aka sayar wa mutum biyu, kowannensu da takardarsa, su ma yanzu suna ta kai ruwa rana.

Da muka ce za mu kai ƙara, sai ga dattawan da ba su ce uffan ba lokacin da ake yanka gonar sun yi mana ca, wai za mu tona asirin gida, wai za mu yanke zumunci, wai baffa uba ne. Wata gwaggonmu har cewa ta yi mu mata me za mu yi da fili tunda muna gidajen mazajenmu. Na amsa mata da ladabi cewa rabon nan Allah ne ya ba mu, ba baffa ba.

Mun shigar da ƙara a kotun shari'a, muna neman a dakatar da gini, a tilasta wa mutum ukun nan su kawo lissafin kowane fuloti da kowace naira a rubuce, a kuma gwada yatsan da ke jikin takardar da na mahaifiyarmu. An ɗage zama sau uku, domin duk ranar da biyu suka zo na ukun ba shi da lafiya. Makon jiya na sake bi ta gonar. An sare tsamiyar, ginin kuma ya kai linta.