Mawaƙan sojojin laima na Kabul: daga bariki zuwa hannun hukuma

A watan Nuwamba na shekarar 1985, wasu sojojin laima na Tarayyar Sobiyat da ke runduna ta 350 a Kabul suka ɗauki jita suka yi wa 'yan'uwansu wasa a cikin bariki. Sunan da suka ɗauka shi ne Golubiye Bereti, wato masu shuɗiyar hula, irin hular da aka san sojojin laiman ƙasar da ita. Oleg Gontsov na cikin waɗanda suka faro ta, Sergei Yarovoy kuma ya jagorance ta. Babu wanda aka kai shi Afganistan don ya yi waƙa. Masu faɗa ne, sai an dawo daga fagen daga ake zaman kiɗa.

A nan darajarsu take a wurina. Tun Disamban 1979 sojojin Sobiyat ke yaƙi a Afganistan, amma kafafen labaran gwamnati sojoji masu dasa itatuwa da gyaran makarantu suke nunawa, alhali gawawwakin samari na komawa gida cikin akwatunan tutiya da aka liƙe, uwa ba ta ko ganin fuskar ɗanta. Abin da jarida ta ɓoye, kaset ya faɗa. Sojoji na naɗar waƙoƙi suna ɓoyewa cikin kaya, masu bincike a kan iyaka na ƙwacewa, amma suka bazu hannu zuwa hannu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: wanda ya ɗauki gawar abokinsa ne yake rerawa.

A 1987, lokacin da shugaban Sobiyat Gorbachev ya sassauta takunkumin magana, aka haska su a gasar mawaƙan soja ta talabijin, kamfanin Melodiya kuma ya buga musu faifai. Sojojin Sobiyat sun gama ficewa ranar 15 ga Fabrairun 1989, bayan asarar rayukan sojojinsu kusan 15,000.

Daga nan ne nake da ja. A 1991 ƙungiyar ta zama ta rundunar sojojin laima a hukumance, mawaƙanta na ɗaukar albashi a kan waƙa. Suka bi sojojin Rasha har Checheniya, inda Rasha ta yi yaƙi da 'yan aware, suna ƙara musu ƙaimi. Muryar da ta fara da tona abin da gwamnati ke rufewa ta koma mai yi wa sabon yaƙi ado, kuma yaron da ya ji ta ranar 2 ga Agusta, ranar bikin sojojin laima, sha'awar hular yake yi, ba tsoron akwatin ba.

Za a ce soja ba ya waƙar abokin gaba, kuma gaskiya ne. Amma ɗaruruwan dubban 'yan Afganistan da suka mutu yawancinsu ba masu bindiga ba ne, manoma ne da mata da yara, miliyoyi kuma suka gudu Pakistan da Iran. Waɗannan mawaƙa sun ratsa ƙauyukan da aka rusa, sun gani da idonsu, kuma makokin da aka san su da shi na mutanensu ne kaɗai.