Zangon da ke kan tsaunukan Alps, da namu da muka bari

Yawancin 'yan uwanmu da ke zaune a nan Ostiriya da kudancin Jamus ba sa hawa dutse, kuma ba sa ganin dalilin hawan. In Asabar ta yi sai ka ga Turawa sun cika tashar jirgin ƙasa ta Innsbruck tun da sassafe, tsoho da tsohuwa da jikoki, kowa da jaka a baya da sanda a hannu, wasu na tura keke. Mutuminmu sai ya girgiza kai ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ni ban yarda da haka ba. A ganina muna zaune ne a gindin wani abu da ya kamata kowane Bahaushe ya je ya gani da idonsa, wato masaukan da aka gina a can ƙololuwa don matafiya, inda mota ba ta zuwa.

Hanyar da kanta takan ba ka labari kafin ka isa. A kowace mararraba akwai allo ruwan ɗorawa, an rubuta sunan masauki da yawan sa'o'in da za ka yi a ƙafa kafin ka kai. A jikin duwatsu kuma an shafa fenti ja da fari, tazara kaɗan-kaɗan, don kada hazo ya ɓatar da kai. Wani ne ya hau da gwangwanin fenti ya yi wannan, kuma galibi ba biyansa aka yi ba. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Ostiriya ita kaɗai tana kula da hanyoyin ƙafa masu tsawon kusan kilomita 26,000.

In ka isa, abu na farko shi ne cire takalmi. Akwai ɗaki a bakin ƙofa da aka jera takalman tafiya, duk laka, ga kuma silifas na gida da kowa zai zura. Mai kula da masaukin zai nuna maka wurin kwananka, wanda sau da yawa dogon dandamali ne na katako da aka shimfiɗa katifu gefe da gefe, mutum goma ko ashirin a ɗaki guda. Kai za ka zo da zanen kwananka mai kama da buhu, domin ba kullum ake wanke barguna ba, ruwa da wuta ba su kai ba. Ana cin abincin dare a dogon tebur tare da mutanen da ba ka taɓa gani ba, likita kusa da direban bas, kuma al'adarsu ce cewa in an hau sama a ajiye kalmomin girmamawa na ofis, kowa ya yi wa kowa magana kamar ɗan uwansa. Ƙarfe goma na dare a kashe fitila, a yi tsit. Da safe kafin ka fita ka rubuta sunanka a babban littafin gidan, da inda ka fito da inda ka nufa. Wannan littafi shi masu ceto za su fara dubawa in ba ka iso inda ka ce ba. Shararka kuwa a jakarka za ka sauko da ita, domin duk abin da ke gidan, daga dankali har tukunyar gas, da igiyar ƙarfe aka ja shi sama, ko jirgi mai saukar ungulu ya kawo, ko a bayan mutum.

Duk wanda ya ji labarin fatake daga bakin kakanni zai gane abin da yake gani. Zango ne. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja don sayo goro yakan yi watanni a hanya, madugu ya san inda za a yada zango kowane dare, inda akwai ruwa da ciyawar jakuna, jagaba yana gaba. In an shiga gari akwai mai gida da zai sauke fatake, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki. Unguwannin zango da ke Kumasi da Akara a yau daga nan suka samo asali. Ayarin gishiri na Bilma da Fachi ma har gobe bai mutu ba. Mu ba baƙin wannan harka ba ne, kuma a sakin fuska da karamci mun fi su nesa ba kusa ba. A ƙauyenmu baƙo ya yi sallama da magariba, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo ruwa da tuwo, ba mai tambayarsa ko sisi. A nan kuwa ko ruwan zafin da za ka jiƙa shayinka sai ka biya.

To amma ga inda suka sha gabanmu, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Namu karamcin a wuyan mutum ɗaya yake rataye. In mai zauren ya rasu, magada suka raba gida, aka mai da zauren shago, shi ke nan. Su kuwa sun ɗauki saukar baƙo sun ɗora ta a kan ƙungiya mai rajista da asusu da taron shekara, ta yadda wanda ya kafa ya mutu shekara ɗari da suka wuce, amma murhun bai mutu ba.

An kafa ƙungiyar masu hawan dutse ta Ostiriya a 1862, ta Suwizalan da ta Italiya a 1863, ta Jamus a 1869 a birnin Munik. Cikin waɗanda suka kafa ta Jamus akwai wani limamin coci mai suna Franz Senn, wanda ke ƙauyen Vent a kwarin Ötztal. Talaucin mutanensa ne ya dame shi. Ya ga cewa in aka gyara hanyoyi aka gina masaukai, baƙi za su zo, 'yan ƙauye su samu aikin jagora da dako. Yau akwai masauki mai sunansa a tsaunukan Stubai, a tudun mita 2,147, inda masu zamiyar ƙanƙara ke kwana da hunturu. Wani ɗan kasuwa daga Prag, Johann Stüdl, da kuɗin aljihunsa ya gina masauki a 1868 a jikin Grossglockner, dutse mafi tsawo a Ostiriya, mai mita 3,798. Daga nan abin ya zama na rassa: kowane gari ya tara kuɗi ya gina nasa. Shi ya sa in kana yawo a jihar Tirol ta Ostiriya za ka ga masaukin Berlin, wanda aka buɗe a 1879 a kwarin Zillertal, ga na Dresden, ga na Nürnberg. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Bremen. Bremen gari ne shimfiɗaɗɗe can arewacin Jamus kusa da teku, ko tudun kirki ba su da shi, amma mutanensa suka gina gida sama da mita 2,400 a wata ƙasa, kuma jikokinsu har yau su ke zuwa gyaran rufi. Ƙungiyar Jamus yanzu tana da mambobi sama da miliyan ɗaya da rabi da masaukai sama da 300, ta Ostiriya tana da sama da 200, ta Suwizalan kusan 150. Ba gwamnati ce ta mallake su ba, ko da yake takan ba da tallafi. Kuɗin zama mamba a Ostiriya bai kai Yuro 100 a shekara ba, kuma a cikinsa akwai rangwamen kwana da inshorar ceto in tsautsayi ya faɗa.

Saboda haka ne mutum zai iya yin mako guda yana tafiya daga wannan masauki zuwa wancan bai sauko gari ba. Masu keke sukan tashi daga Scharnitz su bi kwari har masaukin Karwendel. Masu zamiya sukan ratsa ƙanƙara daga Chamonix a Faransa zuwa Zermatt a Suwizalan, kwana shida ko bakwai. Akwai ma masaukin da ke kan Monte Rosa a tudun mita 4,554, wanda aka buɗe a 1893 aka sa masa sunan Sarauniya Margherita ta Italiya, kuma babu ginin da ya fi shi tudu a Turai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ɗakin hunturu. In sanyi ya shigo, yawancin masu kula da masaukai sukan kulle su sauka. Amma a da yawa daga cikinsu akan bar ɗaki guda, wani a buɗe, wani da makullin da mambobi ke iya karɓa. Na shiga irinsa. Murhun ƙarfe ne a kusurwa, an sare itace an jera, ga gatari, ga tukwane a kife, ga barguna a ninke a kan katifu, ga akwatin kuɗi a jikin bango da takardar da ta faɗi nawa za ka saka. Babu mai gadi, babu kyamara, watanni ba mai gidan da zai leƙo. Wanda ya kwana kafin ni ya share ƙasa, ya kuma bar ƙirare a shirye a bakin murhu, don mai zuwa da daskararrun yatsu kada ya sha wahalar hura wuta. Ba su san juna ba, ba za su taɓa haɗuwa ba. Amana irin wannan addininmu ya koya mana tun muna allo, kuma ina jin zafin cewa sai da na zo nan na gan ta an gina mata ɗaki.

Ba zan ce komai nasu daidai ne ba. Yanzu sai ka kama gado ta intanet tun watanni kafin lokaci, sanannun masaukai sun cika maƙil, wasu sun fara zama kamar otal, farashi kuma yana hawa. Ƙa'idar cewa ba a korar wanda dare ko hadari ya rutsa da shi tana nan, ko a kan benci ne za a ba shi wuri, amma fuskar da ake tarbarsa da ita ba kullum take a sake ba. Musulmi kuma sai ya buɗe baki ya yi tambaya, domin naman alade yana shiga har cikin miya, giya kuma ita ce ruwan tebur. Akwai taliya da cuku, akwai miyar ganye, ba za ka kwana da yunwa ba. Salla ba mai hana ka, ka samu gefe a waje ka shimfiɗa rigarka. Baƙar fata kuwa a can sama ɗaiɗai ne, za a kalle ka, yawanci kallon mamaki. Sannan ƙofar nan ba ga kowa take a buɗe ba a da: a 1924 haɗaɗɗiyar ƙungiyar Jamus da Ostiriya ta kori reshenta na Donauland saboda yawancin mambobinsa Yahudawa ne, aka riƙa manna sanarwa a wasu masaukai cewa ba a son su. Ƙungiyoyin sun amsa wannan laifi daga baya. Na kawo shi ne don a san cewa ƙungiya ma tana iya zalunci in aka bar ta ga masu ƙiyayya.

Su ma suna da tasu damuwar a yau. Ƙanƙarar da ke ba su ruwa tana narkewa, har wani masauki a yankin Grossvenediger ya rufe kafin lokaci a 2022 don ruwa ya ƙare.

Mu fa, duwatsu ne ba mu da su? Chappal Waddi a gandun Gashaka Gumti na jihar Taraba ya kai mita 2,419, ya fi wurin da masaukin Franz Senn yake tudu. Ga Mambila da sanyinta da shanunta, ga duwatsun Shere a bayan Jos. A Nijar tsaunukan Bagzan na ƙasar Ayar sun haura mita 2,000, da lambuna a ƙauyukan da ke kansu. A Sukur ta jihar Adamawa, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, kakanni sun shimfiɗa hanyar dutse da hannu tun daga ƙasa har sama. Amma yaro ya tashi a Kano ya tsufa bai wuce Dala da Goron Dutse ba, kuma ba laifinsa ba ne: in ya je Taraba, wa zai nuna masa hanya, ina zai kwana?

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne: tsaro. Dazuzzuka da duwatsu da yawa a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da Gwoza sun zama mafakar masu bindiga, ba mai hankalin da zai tura ɗansa yawo can. Amma ba ko'ina ne haka ba, kuma wurin da mutanen kirki suka daina takawa shi ne ɓarayi ke gajewa. Hanyar da ake bi kullum, wadda 'yan ƙauye ke cin abinci da ita, tana da masu kare ta.

Ba na jiran ma'aikatar yawon buɗe ido. Muna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na 'yan kasuwar Kantin Kwari, da na mazauna ƙasashen waje irinmu, masu tara miliyoyi don walimar shekara. Ɗaya daga cikinsu ta je Gembu ko Serti a Taraba ta zauna da sarki da masu unguwa da hukumar gandun Gashaka Gumti, a nemi fili a kan hanyar da makiyaya da mafarauta suka riga suka sani. A gina ɗaki biyu, na maza da na mata, da tankin tara ruwan sama, da faranti biyu na sola, da wurin salla. A ɗauki ɗan garin ya riƙe makulli a riƙa biyansa albashi daga kuɗin mambobi, a horar da matasa biyar su zama jagorori, a rubuta sunan ƙungiyar a takardar filin maimakon sunan shugabanta. Ranar da aka buɗe asusun, ni ina cikin masu biya.