Ranar da F ta kunyata ni a teburin mai shayi

Kun dai san jitar nan da na saya hannun ɗan bautar ƙasa da zai koma gida. Mai koya mini ta waya ya ce minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar, in yanke farcen hannun hagu, in saita metronome, wato na'urar da ke ƙirga bugun kiɗa, a 60, in yi ta sauya yatsu tsakanin C da G, wato sunayen salon danna tsirkiya, har kan yatsun su yi kanta. Duk na yi. A ɗaki kam, ni gwani ne.

Sai wani abokina, angon gobe, ya matsa wai in fito da ita majalisa bayan isha'i.

Na zauna kan benci, na gyara hula, na kaɗa C. Ta fita tas. G ma haka, har wani ya ce "kai, Allah ya ƙara basira!" Sai aka zo F. Wanda bai sani ba, F ita ce wadda manuni zai kwanta ya danne tsirkiya shida a lokaci guda, sauran yatsun kuma kowa ya nemi gidansa. Na kwantar da manunin. Na ɗora na tsakiya, ƙaramin ya zame. Na dawo da ƙaramin, manunin ya tashi. Majalisa tsit, ana jira, ni kuwa na sunkuya ina leƙen yatsuna, harshe a waje, gumi na bin ƙeya. Da na kaɗa, ƙarar da ta fito kamar an taka gwangwanin madara.

Mai shayi ko ɗago kai bai yi ba, yana fifita wuta ya ce, "Yallaɓai, an ɗauke wuta ne ko katin ya ƙare?"

Wai shi. Mutumin da har yau yake riƙe da canjina tun azumi. Mutumin da in ka ce ƙwai biyu sai ya juya maka baya kafin ya fasa. Rediyonsa ma da kyauro aka ɗaure ta, amma shi ne alƙalin kiɗa. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya yi suna, ni ga shida sun gagare ni. Har almajirin da ke wanke masa kofuna sai da ya dara.

Mai gadin gidan Alhaji, mutumin Agadas ɗin nan da ba ya magana, ya miƙo hannu. Ya murɗa kunnuwan jitar, ya ce tsirkiya biyu sun saki tun ɗazu. Daga nan ya yi ta zuba kiɗa har masu babur suna tsayawa. Na tambaye shi sirrin, ya ce in rage sauri, in yi ta C da F kawai, ko ba kaɗawa, ina zaune ina jin labarai.

Jitar tana wurinsa har yanzu, wai yana ƙara duba ta. Shayi kuma na koma sha a layin baya, ko da yake nasu ba ya jin citta.